Filin Fatsa: Sanda, Injin Naɗi da Zare

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon sun karkata ne kan fatsar zamani, wato sanda mai zobba da injin naɗe zare. Mai kanti zai sayar maka da kayan, amma ba zai haɗa maka da bayanin yadda ake aiki da su ba. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Ina so in fara zuwa fatsa dam ɗin Tiga duk ƙarshen mako. Na ga sanduna iri-iri, an rubuta wasu lambobi a jikinsu kamar 2.40m da 10-30g. Wacce zan saya? Daga wani ma'aikaci a Kano.

Amsa: Malam, kafin ka zaɓi sanda, fara sanin kifin da za ka nema. Wanda zai tsaya a bakin dam yana neman karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa matsakaici, sanda mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.7 ta ishe shi. Lambar farko da ka gani tsawon sandar ne. Ta biyu kuma nauyin abin da za ta iya jefawa ne, wato dalma da koto a haɗe: daga giram 10 zuwa 30. Ka ɗora mata giram 80 ka wulla da ƙarfi, tsininta zai karye. Ka ɗora mata giram 3, ba za ta lanƙwasa ta cilla shi ba, a gabanka zai faɗi. Wasu sandunan da ƙafa da oza ake rubuta musu: ƙafa 7 mita 2.1 ke nan, oza ɗaya kuma giram 28.

Sandunan kasuwa iri biyu ne, na faiba da na kabon. Ta faiba ta fi nauyi, ba ta kuma saurin kawo maka labarin cewa kifi ya taɓa koto, amma tana da jure wahala: a jefa ta bayan babur, ta bugi dutse, ba abin da zai same ta. Ta kabon ba nauyi, ko ɗan lasar da karfasa ta yi sai ka ji a tafin hannunka, sai dai bugu ɗaya a bakin kwale-kwale kan bar mata tsagar da ido ba ya gani, sai ran da babban kifi ya ja ta karye a daidai wurin. Mu dai ga mai farawa faiba muke zaɓa, ko wadda aka gauraya faiba da kabon. Kuma ka sani kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Kada ka ɗaga sandar a ƙarƙashin wayar wuta, in hadari ya haɗo ana walƙiya kuma ka kwantar da ita ƙasa ka bar bakin ruwa.

A kanti, harhaɗa sandar ka hango ta daga gindi zuwa tsini, ka ga ko zobban suna kan layi ɗaya. Dafa tsinin a ƙasa a hankali ka ga yadda take lanƙwasa. Wadda ke lanƙwasa a sama kawai ta fi saurin soka ƙugiya. Wadda ke lanƙwasa har tsakiya ta fi yafiya idan kifi ya fizga, ita ce ta fi dacewa da koto. Mai gaɓa biyu ta fi mai zugewa irin ta eriyar rediyo ƙarko. Kada ka zuba duk kuɗinka a sanda. Sanda mai matsakaicin kuɗi da inji mai kyau sun fi sanda mai tsada da injin banza.

Tambaya: Mai kanti ya ce injin da ya sayar mini boris goma sha biyu gare shi, don haka ya fi kowanne. Amma ran da na kama tarwaɗa babba sai zaren ya riƙa fita da fizga-fizga har ya tsinke. Daga wani mai karatu a Talata Mafara.

Amsa: Ɗan'uwa, yawan boris da aka rubuta a kwali ba shi ne ingancin inji ba. Boris huɗu ko biyar na ƙarfe mai kyau sun fi goma sha biyu na gwangwani. Abin da ya ba ka kunya birki ne, kuma shi ne abin da ya kamata kowa ya fara gwadawa kafin ya biya kuɗi.

Ga yadda yake. A saman kwarkwaron da zare ke naɗe akwai murfi da ake murɗawa. A ƙarƙashinsa akwai 'yan faya-fayai jere, na ƙarfe da na laushi, suna matse juna. Idan ka ɗaure murfin sai su matsu, kwarkwaro ya ƙi juyawa. Idan ka sassauta sai ya juya ya saki zare. Amfaninsa shi ne in kifi ya ja da ƙarfin da ya kusa tsinka zare, sai inji ya sakar masa, ya yi ta gudu yana jan birki har ya gaji. Birki mai kyau sumul yake saki. Wanda ke riƙewa ya saki, ya riƙe ya saki, a lokacin riƙewar nan ne zare ke tsinkewa. Ko dai faya-fayan sun bushe, ko ƙasa ta shiga, ko kuma an ajiye injin wata da watanni birki a ɗaure har suka lotse suka manne.

Kwance murfin, ciro 'yar wayar da ke riƙe da faya-fayan, ka jera su a kan farin ƙyalle bi da bi yadda ka ciro su, don kada ka rikita jerin wajen mayarwa. Goge kowanne tas. Masu laushi irin na ulu a shafa musu giris kaɗan, iya abin da zai sa su yi sheƙi. Mayar, ka ja zare da hannu ka ji.

Sai ɗaurin birkin kansa, inda yawancin mutane ke kuskure, don suna ɗaure shi tamau. Ƙa'idar ita ce ya fara saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai ɗaukar kilo 6, birkinsa ya saki a kilo 1.5 zuwa 2. Ba sai kana da sikeli ba: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cika robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ɗaura ta a bakin zaren, ka ɗaga ta kai tsaye daga injin ba tare da zaren ya bi ta zobban sanda ba. Yi ta murɗa murfin har sai robar ta taso daga ƙasa amma tana zamewa a hankali. Nan ne wurin. Za ka ji kamar ya yi sako-sako da yawa. Bar shi haka. In kana bukatar ƙari lokacin kokawa da kifi, dafa gefen kwarkwaron da yatsa.

Batun girman inji kuwa, lambar 1000 zuwa 2500 ta karfasa da kawara ce, 3000 zuwa 4000 ita ce ta kowane aiki, 5000 zuwa sama ta ramboshi da giwan ruwa. Kamfanoni sun ɗan sha bamban a wannan lissafi, saboda haka duba jikin kwarkwaron, an rubuta mita nawa na zare mai kauri kaza yake ɗauka. Mai cin mita 150 na zare mai kaurin milimita 0.30 ya ishi dam ɗin Bakolori. Lamba irin 5.2:1 kuma tana nufin duk juyi ɗaya na hannu, kan injin zai zagaya kwarkwaro sau biyar da ɗoriya.

Tambaya: Duk jifa biyu ko uku sai zarena ya fito a dunƙule ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Na canza zare, abin bai daina ba. Daga wani matashi a Yawuri.

Amsa: Samari, abu uku ke kawo wannan, kuma sau da yawa tare suke zuwa.

Na farko cika kwarkwaro fiye da kima. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin zare da leɓen kwarkwaro. In ya cika har baki, zaren zai riƙa zubowa da yawa a lokaci ɗaya. In kuma ya yi ƙasa sosai, zai riƙa gogar leɓen, jifa ba za ta yi nisa ba.

Na biyu naɗi sako-sako. Idan za ka ɗura sabon zare, zura shi ta zoben da ya fi kusa da inji, buɗe bakan injin, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake kifarwa kafin jifa, ɗaura zaren a kwarkwaro, rufe bakan, sannan ka matse zaren da jiƙaƙƙen ƙyalle kana naɗawa. Ajiye faifan sabon zaren a kwance a ƙasa. Bayan juyi goma sha biyar tsaya ka sassauta: in ka ga zaren yana murɗewa yana kama kansa, kifa faifan ta ɗaya fuskar ka ci gaba. Zaren nailan mai tauri kuma in aka jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti goma ya fi kwanciya. A bakin ruwa, bayan kowace jifa ka rufe bakan da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Madauki ɗaya da ya kwanta sako-sako a kan kwarkwaro shi ne zai jawo sauran a jifa ta gaba.

Na uku murɗewa. Idan kifi yana jan zare birki na kuka, kai kuma kana ta juya hannu, zare ba ya shigowa, murɗa shi kawai kake yi, sau biyar a kowane juyi. In birki na kuka, daina naɗi. Koton ƙarfe mai juyawa a ruwa shi ma yana murɗa zare in ba a sa masa majuyi ba, wato ɗan ƙarfen nan mai ido biyu da kowane gefe ke juyawa da kansa. Kai da kake bakin kogin Kwara maganin na kusa da kai: yanke ƙugiya da dalma, saki zaren tsirara mita 50 ruwa ya ja shi na 'yan mintoci, sannan ka naɗo shi kana matse da yatsu. Zai warware da kansa.

Ka kuma duba kaurin zaren. Zaren 0.50 a kan ƙaramin inji mai lamba 2000 ba zai taɓa kwanciya ba.

Tambaya: Sau uku ke nan babban kifi yana tsinke mini zare a ƙasan dam ɗin Kainji, alhali zaren sabo ne mai kilo 10. Ko jabu aka sayar mini? Daga wani mai karatu a Sabuwar Bussa.

Amsa: Mai yiwuwa ne, amma kada ka yi saurin ɗora wa mai kanti laifi. Bakin zaren da ya dawo hannunka shi zai faɗa maka abin da ya faru, in ka duba shi da kyau.

In bakin ya nannaɗe kamar wutsiyar alade, zaren bai tsinke ba, ƙullinka ne ya zame. In ya yi kaushi ya yi fari-fari na tsawon taki ɗaya ko biyu, dutse ko kututture ya goge shi. In ya yanke tsaf kamar an sa reza, haƙori ne, kuma a wannan ruwa tsage ne babban abin zargi. In kuwa a tsakiya yake tsinkewa, wani lokaci ma wajen jifa ba tare da kifi ba, duba zobban sanda. Zagaya auduga a cikin kowane zobe, musamman na tsini. Inda audugar ta maƙale akwai tsaga, kuma tsagar tana fere zare duk wucewa.

Ga ƙulli biyu da za su ishe ka. Na farko: zura zare ta idon ƙugiya, naɗa bakinsa a jikin zaren sau shida, dawo da shi ta 'yar ƙofar da ke jikin idon, sannan ta cikin babban madaukin da ya samu. Zare mai kauri kamar 0.50 naɗi huɗu ya isa. Na biyu, wanda ake kira Palomar, ya fi sauƙi kuma ya fi riƙo: ninka zare kamar santimita 15, zura ninkin ta ido, yi ƙulli na yau da kullum sako-sako da ninkin, sai ka zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage, ka ja. Kowanne ka yi, jiƙa shi da yawu kafin ka ja, ka kuma ja a hankali. Nailan busasshe in ya gogi kansa zafi yake yi ya raunana a daidai ƙullin.

Don tsage, sa waya mai santimita 15 zuwa 20 tsakanin ƙugiya da zare. Ba nailan ɗin da ke jure haƙoransa. Don duwatsu, ƙara guntun nailan mai kauri 0.50 ko 0.60, tsawon mita ɗaya, a gaba. Giwan ruwa kuma, wanda ke iya wuce kilo 100, murfin kunnensa kaifi gare shi, shi ma sai da gaba mai kauri.

A ƙiyasi, nailan 0.20 na ɗaukar wajen kilo 3, 0.30 wajen kilo 6, 0.40 wajen kilo 10. In ka ga siririn zare an rubuta masa ƙarfin da ya ninka wannan, gwada shi da bokitin ruwa kafin ka yarda. Zaren kitso, wanda aka saƙa da silili da yawa, ya fi nailan ƙarfi nesa ba kusa ba a kauri ɗaya, kuma ba ya talewa, amma dutse na cin sa da wuri, yana zamewa a kan kwarkwaro in ba a fara shimfiɗa nailan a ƙasa ba, yana kuma yanka yatsa. Nailan kuwa rana ce ajalinsa. Wanda aka rataye a rumfar kanti rana na dukansa ya tsufa tun ba a saya ba. Mai zuwa ruwa duk mako ya canza nasa sau biyu a shekara, ya kuma yanke mita biyun gaba bayan kowace fita.

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 ya dame ni in saya masa kayan fatsa, yana bin kawunsa dam ɗin Dadin Kowa. Me ya dace da shi? Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Hajiya, ba sai da inji ba tukuna. Gora mai mita uku, zaren 0.20 daidai tsawon gorar, ƙugiya lamba 10, 'yar dalma kamar ƙwayar dawa a taki ɗaya sama da ƙugiya, da totuwar kara a matsayin abin da zai yi yawo a kan ruwa ya nuna cizo. Tana ko gara a koto, karfasa za ta samu. A matse ƙayar ƙugiyar da filaya, don in ta soke shi ta fita salin-alin. A nuna masa kada ya damƙi kurungu ko tarwaɗa ta gefen kai, ƙayoyinsu na suka. Kuma kada kawun ya bar shi shi kaɗai a bakin dam.

Tambaya: Bayan hunturu injina ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na wanke shi da fetur, na cika shi da giris ɗin mota, sai ya ƙara tauri, hannun ma yana komawa baya. Daga wani mai karatu a Gaya, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Malam, a ƙasarmu ba ruwa ne ke kashe inji ba kamar ƙura da rairayi. Ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta zama kamar sanfefa tana cin haƙoran giyar inji. Ka yi daidai da ka buɗe, amma fetur yana lalata roba, giris ɗin mota kuma ya yi kauri ga 'yan ƙananan haƙoran nan. Komawar hannu baya kuwa, akwai boris guda a ƙarƙashin kan injin da aikinsa ya bari a juya gaba ya ƙi baya. Giris in ya shige shi sai ya daina kamawa. Wannan a wanke shi, a bar shi kusan a bushe.

Sake buɗewa a kan tire, kana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Wanke ƙarafan kawai da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori, su bushe sarai. Giris marar kauri a haƙoran giya, kamar ƙwayar wake ya isa duka. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya-ɗaya a boris, da sandar da kwarkwaro ke hawa da sauka a kai, da mariƙin hannu, da gaɓoɓin baka, da 'yar tayar da zare ke bi ta kai. Tayar nan kowa na mantawa da ita; in ta daskare sai zare ya yi mata kwari, ita kuma ta riƙa cinsa. Man feshin nan na WD-40 na kwance tsatsa ne, ba ya maye gurbin mai, kuma yana wanke giris.

Daga nan sai kiyayewa: kada a ajiye inji a kan rairayi, kada a tsoma shi a ruwa da sunan wanki, a goge da ɗanyen ƙyalle, a sassauta birki, a sa shi a jakar ƙyalle ba leda ba, don leda na riƙe laima.

Tambaya: Sandata mai zugewa ta maƙale ta ƙi komawa, tsinin wata kuma ya karye ina ƙoƙarin ciro ƙugiya da ta kama kututture. Suna gyaruwa? Kuma zan iya narka dalmar tsohon batir in yi nauyi da ita? Daga wani mai karatu a Nguru.

Amsa: Duka biyun suna gyaruwa. Mai zugewa daga tsini ake fara buɗe ta, gaɓa-gaɓa, da ɗan murɗi, ba a wulla ta ta buɗe da kanta. Wajen rufewa kuma daga gindi ake farawa. Wadda ta maƙale, cire murfin gindin, tsayar da ita a kan katako, ka riƙe gaɓar da ta ƙi kusa da mahaɗin, ka ɗan dinga buga ta ƙasa a hankali. In ta saki, zare gaɓoɓin ta baya ka wanke rairayin.

Tsinin da ya karye da santimita biyar ko goma, ɗumama tsohon zoben da ashana daƙiƙa biyu ka zare guntun da filaya, goge bakin karayar da sanfefa, ka manna zoben da gam ɗin Araldite a kan layin sauran. In ramin zoben ya yi kaɗan nemi na gaba da shi. Kada ka fere sandar. Za ta ɗan ƙara tauri, shi ke nan. Nan gaba in ƙugiya ta maƙale kada ka ja da sanda. Miƙe ta ta kalli wurin, naɗa zaren a guntun icce, kau da fuskarka gefe saboda dalma kan dawo kamar harsashi, sannan ka ja da baya. A ruwa mai kututture da ciyawa irin na fadamar Haɗejiya da Nguru, ɗaura dalmar da zaren da bai kai babban ƙarfi ba, don in ta maƙale ita kaɗai za ka rasa.

Dalmar batir kuwa, bar ta. Ruwan batir na ƙuna, hayaƙi da ƙurar dalma guba ne da ke taruwa a jiki, kuma yara ya fi yi wa illa. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin narkakkiyar dalma zai sa ta fantsamo maka a fuska. Wadda ka saya ma kada ka matse ta da haƙori, yi da filaya, ka wanke hannu kafin cin abinci. In nauyi kawai kake nema don kamun tarwaɗa a ƙasan ruwa, tsohon noti mai giram 20 zuwa 30 zai yi. Ɗaura shi a ido ɗaya na majuyi, babban zaren ya ratsa ta ɗaya idon yadda zai riƙa zamewa, sa ɗan dutsen ado na roba ya kare ƙulli, sai majuyi na biyu, sai guntun zare santimita 40, sai ƙugiya lamba 1/0 ko 2/0. Tarwaɗa za ta ɗauki koto ta tafi ba ta ji nauyin notin ba, kai kuma ka gani a tsinin sanda.